Yadda ake samun mutane su amsa tambayoyin bincike: jagora ga sabon mai tattara bayanai a Kebbi

Babban aiki a binciken jin ta bakin jama'a shi ne mutumin da aka zaɓa ya yarda ya zauna da kai, ya amsa tun daga tambayar farko har ta ƙarshe. Na daɗe ina wannan aiki a garuruwa da ƙauyukan Kebbi, tun ana yawo da takardu a jaka har aka koma waya. Abin da nake fara gaya wa duk mai shigowa shi ne, waya da manhaja ba sa buɗe bakin kowa. Amfaninsu shi ne su nuna maka, tun kana fili, wane ne bai amsa ba, me ya hana shi, kuma yaushe ya dace ka koma. Wanda ya riƙe su a haka, adadin masu amsa masa zai hau. Wanda ya ɗauke su tamkar takarda mai haske, giɓin da ya saba dawowa da shi zai dawo da shi.

Lissafin kansa ba wuya. Ka raba adadin waɗanda suka kammala amsawa da adadin duk waɗanda aka zaɓa kuma suka cancanta. A ce an zaɓi gida 400, aka tarar 20 daga ciki kango ne ko shago, saura 380. In 285 suka amsa, ka samu kashi 75 cikin 100. Abin damuwa shi ne sauran 95 ɗin, domin galibi ba irin waɗanda ka samu ba ne. Su ne manomin da ke fadama tun asuba, da makiyayin da ya yi gaba da shanu, da masuncin da ke kan ruwa, da matar da maigidanta bai bar sallahu ba. In bincikenka a kan noman shinkafa ne, kuma manoman shinkafar ne ba ka samu a gida ba, to ko gida dubu ka cike, sakamakon ya karkace.

KAYAN AIKI

Kowane ma'aikacin fili yana buƙatar wayar Android ko kwamfutar hannu mai batir mai ƙarko. Ba sai mai tsada ba, amma kada fuskarta ta zama a fashe, domin a rana tsaka ba za a ga rubutu ba.

Sai manhajar tattara bayanai. KoboCollect da ODK Collect duk suna aiki ba tare da intanet ba: a cike fom a ƙauye, a ajiye a waya, a tura idan an samu sabis. Akwai Survey Solutions na Bankin Duniya, da CSPro wanda hukumomin ƙidaya ke amfani da shi, da SurveyCTO wanda ake biya. Ga mai farawa, Kobo nake zaɓa, domin cikin yini guda za ka iya gina fom ka gwada shi.

Fawa banki ga kowane mutum, da cajar sola ɗaya ga kowace tawaga. In babu sola, a yi ciniki da mai shagon caji na garin tun ranar isowa. Layin waya biyu na kamfanoni daban, misali MTN da Airtel, domin akwai ƙauyen da ɗaya ke kamawa ɗaya ba ya kamawa.

Jerin gidaje ko sunayen da aka zaɓa, kowanne da lambarsa. Takardar gabatarwa daga hukuma ko ƙungiyar da ta sa aikin, da katin shaida mai hoto. In binciken ya shafi lafiya, da takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Fom na takarda kaɗan saboda ranar da waya ta mutu. Kwamfuta mai Excel ga shugaban tawaga. Da ɗan abin godiya ga masu amsawa, wanda zan yi bayaninsa a gaba.

Mafi muhimmanci, mutanen da za su yi tambayar. A samu mata da maza, kuma a samu masu jin harshen wurin. Kebbi ƙananan hukumomi 21 ce, kuma ba ko'ina Hausa ce harshen cikin gida ba. A Kamba da kewayen Dandi kana buƙatar mai jin Zabarmanci ko Dandanci, a ƙasar Zuru mai jin Dakarci, a Yauri da Ngaski mai jin Kambarci ko Gunganci, a rugage mai jin Fulatanci. Mutum zai iya gaisawa da kai da Hausa, amma in aka zo zancen bashi ko haihuwa, harshen da ya tashi da shi yake so.

MATAKI NA 1: GYARA JERINKA KAFIN KA FITA

Da yawa daga cikin "ba a samu ba" daga jeri mara kyau suke fitowa. In jerin ya haura shekara biyu, a tura mutum biyu su zagaya su sabunta shi kafin ranar aiki. Su rubuta sunan maigida da laƙabin da aka fi saninsa da shi, domin a ƙauye ɗaya za ka samu Muhammadu goma, amma wanda ake kira da sunan sana'arsa ko na unguwarsu ɗaya ne. Su ɗauki GPS, wato alamar wurin a taswira, a ƙofar gida, su rubuta alama kamar kusa da rijiya ko bayan masallacin Juma'a. Su kuma karɓi lambar waya biyu, ta gidan da ta wani makusanci, tare da izinin a kira.

Wannan karɓar lamba tana da daraja. A watan Afrilun 2020, da kullen korona ya hana shiga gidaje, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Bankin Duniya sun ci gaba da bincike ta waya, kuma abin da ya ba su dama shi ne lambobin da suka riga suka karɓa daga gidajen da suka ziyarta a binciken 2018 zuwa 2019.

MATAKI NA 2: ZAƁI HANYA DAIDAI DA MUTANENKA

Hanyoyin guda huɗu ne: ido da ido da waya a hannu, kiran waya, saƙon tes ko kiran na'ura mai cewa "danna ɗaya", da fom na intanet da ake turawa ta WhatsApp. A karkarar Kebbi, ido da ido ya fi kowace kawo amsa, da tazara mai yawa. Kiran waya yana biye, musamman ga wanda ya taɓa ganin fuskarka. Fom na intanet kuwa sai ga masu babbar waya da karatun boko, irin malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, ko ɗaliban jami'ar Aliero da na kwalejin fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Kiran na'ura da tes su ne mafi arha kuma mafi ƙarancin amsa. Tambaya uku zuwa biyar suke ɗauka.

Dabarar da ta fi aiki ita ce haɗawa. In masu ilimi ne, fara da fom na intanet, wanda bai cike ba cikin mako a kira shi, wanda bai ɗauka ba a je masa. In karkara ce, fara da ziyara, a cike giɓi da kira.

Gargaɗi a kan fom na WhatsApp: kada ka saki adireshin fom ɗaya a guruf ka ce kowa ya cike. Ba za ka san mutum nawa ya kai wa ba, ba za ka san wanda ya cike sau uku ba, saboda haka ba ka da adadin amsawa da za ka lissafa. Ka ba kowane mutum lambarsa ta kansa da zai shigar a farkon fom.

MATAKI NA 3: RAGE TAMBAYOYI, SA'AN NAN KA GINA FOM

Ɗauki kowace tambaya ka tambayi kanka: in na samu amsar nan, wace shawara za ta canza? In ba ka da amsa, cire ta. Masu ba da aiki suna son cusa komai, tunda dai an riga an fita, amma mai biyan kuɗin wannan cushe shi ne dattijon da aka zaunar awa ɗaya da rabi, kuma gobe shi zai gaya wa maƙwabcinsa ya ce ba ya nan. Ta waya kada ka wuce minti 15 zuwa 20. Ido da ido, ka yi ƙoƙari kada ka haura minti 40.

A nan manhaja ke taimakawa ƙwarai. A tsarin XLSForm na gina fom a Excel, wanda Kobo da ODK ke amfani da shi, akwai shafin da ake kira relevant: a nan kake cewa tambayoyin noman rani su fito ga wanda ya ce yana noman rani kawai. Akwai constraint, mai hana a rubuta shekara 250 ko buhu dubu tara a gona ɗaya. Ana iya sa harshe fiye da ɗaya a fom guda, ana kuma iya maƙala murya ga tambaya, yadda ma'aikaci zai danna ta karanta kanta da Dakarci ko Fulatanci. Kada ka tilasta kowace tambaya ba tare da zaɓin "ban sani ba" da "ba na son amsawa" ba. In ka toshe wannan ƙofa, ko dai mutum ya tashi, ko ma'aikacinka ya ƙirƙiro amsa domin fom ya wuce.

Yi tambaya da ma'aunin da mutane ke amfani da shi. Manomin Suru ko Augie buhu ya sani, da tiya da mudu. Bar kwamfuta ta mayar da su kilo daga baya. In ana neman shekarun yaro kuma babu takardar haihuwa, a haɗa da abin da kowa ke tunawa: kafin ambaliyar 2020 ko bayanta, kafin wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ko bayanta. Fara da tambayoyi masu sauƙi, ka bar na kuɗin shiga da bashi da rashin lafiya zuwa can gaba, bayan hira ta yi daɗi.

Fassarar kuma a rubuta ta a fom tun a ofis. Kada a bar kowane ma'aikaci ya fassara daga Turanci a bakin ƙofa. Gwada fom ɗin a ƙauyen da ba ya cikin jeri, da agogo a hannu, ka lura da inda mutane ke cewa "me kake nufi?"

MATAKI NA 4: SA SHAFIN BIBIYA A FARKON FOM

Wannan ne matakin da masu farawa suka fi tsallakewa, kuma shi ne ƙashin bayan aikin. Dokar ita ce: duk ziyara da duk kira sai an tura fom, ko an yi hira ko ba a yi ba. Tambayar farko bayan lambar gida ita ce sakamakon wannan zuwa, kuma zaɓin su kasance a rarrabe:

an kammala, an fara ba a gama ba, ba kowa a gida, wanda ake nema ya fita, zai dawo, ya yi tafiya mai nisa, ya ƙi, wani ya hana a gan shi, matsalar harshe, rashin lafiya ko rasuwa a gidan, gidan bai cancanta ba, ba a iya isa wurin ba.

In aka zaɓi "ya fita", fom ya tambayi rana da lokacin da aka ce a dawo, da wanda ya faɗa. In aka zaɓi "ya ƙi", fom ya nemi dalili da kalmomin mutumin, ba da na ma'aikaci ba. Waya za ta rubuta lokaci da GPS da kanta.

Me ya sa nake nanata wannan? Domin kowane dalili maganinsa daban. Wanda ba a samu ba, lokaci za a canza masa. Wanda ya ƙi saboda tsoron haraji, bayani yake buƙata daga bakin wanda ya yarda da shi. Matar da surukarta ta ce sai maigida ya dawo, izini ake nema, ba lallashi ba. In ka tattara su duka a ƙarƙashin "ba a samu ba", ka rufe wa kanka ido, kuma a ƙarshen aiki ba abin da za ka iya gyarawa.

Kuskure mafi muni a nan shi ne musanya gida. Ma'aikaci ya tarar da gida a rufe, sai ya shiga na kusa ya cike, ya sa lambar na farko. A takarda adadi ya cika, a gaskiya kuwa ka tara masu zaman gida ka bar masu fita nema. Hana wannan tun ranar horo, kuma kada ka biya ma'aikata a kan yawan fom da suka kammala kawai, domin wannan tsari shi ke haifar da musanya. Biya a kan yini, ko ka sa ladan komawa a cikin lissafi.

MATAKI NA 5: SHARE FAGE KAFIN RANAR AIKI

Kebbi masarautu huɗu ce, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, kuma ba a shiga gari ta bayan gida. Kai takarda ƙaramar hukuma, ka gaida uban ƙasa, shi zai haɗa ka da hakimi da masu unguwanni. Ka je da kanka, ka cire takalmi, ka yi bayani a taƙaice: "Ranka ya daɗe, tambayoyi ne a kan ruwan sha. Gida ashirin kwamfuta ta zaɓa a garin nan. Ba rabon kaya ba ne, ba rajistar tallafi ba ce, ba kuma maganar haraji ba." Roƙi a yi shela, a kuma sanar a masallaci ko coci kwana biyu kafin zuwanku.

Jimlar nan ta "ba rajistar tallafi ba ce" kada ka yi mata kwana-kwana. An sha rubuta sunayen mutane ana yi musu alkawari, wasu sun gaji har ba sa son ganin mai riƙe da waya, wasu kuma za su yi maka layi, kowa na cewa shi ma a rubuta shi. In ka bari aka zaci akwai rabo, amsa za ta yi yawa amma kowa zai zama ba shi da akuya ko ɗaya.

Ɗan rakiyar da mai unguwa ya ba ka, aikinsa nuna gida da gabatarwa. Kada ya zaɓa maka gida, kada kuma ya zauna a wurin hira. Faɗa masa haka da ladabi tun a fada.

In akwai lambobin waya, tura sanarwa kwana ɗaya kafin zuwa. Saƙon murya ya fi tes, domin mutane da yawa ajami suke karantawa, ba boko ba. In tes ɗin za ka tura, ka sani cewa saƙo ɗaya harafi 160 yake ɗauka, amma da ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70, kuma wasu ƙananan wayoyi akwati-akwati suke nunawa a madadinsu. A tes kaɗai, rubuta da k da d da b.

MATAKI NA 6: HORAR DA MA'AIKATA A KAN MINTIN FARKO

Mafi yawan ƙin amsawa a mintin farko yake faruwa, kafin a karanta tambaya ko ɗaya. Amma sai ka ga horo na kwana uku ya ƙare a kan danna waya. Ware yini guda cur ga sallama da gabatarwa, ana kwaikwayo, wani ya zama maigida mai fushi, wata ta zama tsohuwa mai zargi.

Waya ta zauna a aljihu har a gama gaisuwa. A yi sallama, a tambayi gida da iyali da aiki, a zauna inda aka nuna. Sa'an nan: "Baba, sunana wance, daga wuri kaza. Hakimi ya san da zuwanmu. Tambayoyi ne na kamar rabin awa. Sunanka ba zai fita ba, kuma duk wadda ba ka so, sai mu tsallake. In yanzu bai yi ba, faɗa mini lokacin da zan dawo." Wannan jimla ta ƙarshe tana ceto hira da yawa, domin ta ba mutum hanyar cewa "ba yanzu ba" maimakon "a'a".

Za a tambaye ka, "To mi za a ba mu?" Amsar gaskiya ita ce kawai mai ɗorewa: "Inna, ba na riƙe da alkawarin komai. Abin da kuka faɗa za a haɗa da na sauran garuruwa a kai wa masu tsara aiki." Za a kuma tambayi dalilin da aka zaɓi gidan aka bar na maƙwabci, a ce ƙuri'a ce kwamfuta ta jefa. Nuna wa mutum fuskar wayar ya ga abin da ake rubutawa. Kada a ɗauki hoto ko murya sai an nemi izini daban.

Neman yarda ba ladabi ba ne kawai, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta a gaya wa mutum abin da za a yi da bayanansa. Sa wa kowace waya lambar sirri, kuma kada a riƙa tura sunaye da lambobin mutane a guruf ɗin WhatsApp na tawaga.

Gidan da mata ke kulle, mace ce za ta shiga, da shiga irin ta wurin, bayan an nemi izinin maigida. In tawagarka ba ta da mata isassu, nemi malamar makaranta ko ma'aikaciyar lafiya daga wani gari na kusa ka horar da ita. 'Yar garin kanta ba ta dace da tambayoyin sirri ba, domin ba mai gaya wa maƙwabciya yawan bashin da ke kanta.

MATAKI NA 7: BI AGOGON MUTANE

Jadawalin ofis, takwas zuwa huɗu, shi ne daidai lokacin da magidanta ba sa gida. Da rani masu noman shinkafa suna fadama suna ban ruwa tun sanyin safiya; da damina kowa na gona; da kaka ana girbi da sussuka. Maza ana samunsu bayan la'asar zuwa magariba, ko bayan isha'i in wurin da tsaro. Mata sun fi samun sarari da hantsi, bayan an gama aikin safe kafin a ɗora na rana. Ranar kasuwar gari da ta babbar kasuwar kusa, kada ka sa ran kowa; tambayi ranakun tun a fada ka sa a jadawali. Ranar Juma'a aikin safe ne kawai. Da azumi, daga hantsi zuwa azahar. Gidan da ake zaman makoki, a yi ta'aziyya a wuce, a dawo bayan an share makoki.

In hanya ta ba da dama, tawaga ta kwana kusa da garin. Tawagar da ke tasowa daga Birnin Kebbi kullum tana isa an watse, tana juyawa kafin a dawo.

MATAKI NA 8: KOMA, KUMA KA CANZA LOKACI

Ƙa'idata ita ce ziyara uku aƙalla kafin a rufe gida, kowace a rana daban da lokaci daban. Zuwa uku, dukansu da ƙarfe goma na safe, zuwa ɗaya ne. Wanda ya ƙi da sanyi-sanyi, irin "yau ba ni da lokaci", a bar shi kwana biyu, shugaban tawaga ko wani ma'aikaci daban ya koma. Wanda ya ce a'a ƙarara, an gama. A yi masa godiya a rubuta. Matsa wa mutum ba ya halatta, kuma labarinsa yana zagaya gari kafin la'asar.

Inda ba a iya shiga, ko saboda ruwa ya yanke hanya a ƙauyukan bakin kogin Neja, ko saboda rashin tsaro kamar yadda ake fama a wasu sassan ƙasar Zuru, kada ka tura kowa. Koma kiran waya in akwai lambobi. In babu, rubuta "ba a iya isa ba", ka bar shi a haka cikin rahoto.

MATAKI NA 9: IN TA WAYA NE

Kiran waya yana da nasa halin. A ƙauye waya takan yini a shagon caji, a kashe, ko yaron shago ya ɗauka. Wata wayar ta gida ce gaba ɗaya, tana aljihun maigida, alhali matarsa kake nema. Layuka da dama an rufe su a 2022 da 2024 saboda haɗa layi da NIN, kuma kamfanoni suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, don haka tabbatar da wanda kake magana da shi kafin ka fara. A garuruwan iyaka irin Kamba, wani yana riƙe da layin Nijar ne rabin mako.

Kira sau shida zuwa takwas, a warwatse cikin mako, safe da yamma da bayan isha'i, kafin ka haƙura. Yi amfani da lamba ɗaya tak, wadda aka riga aka sanar, domin mutane su gane ta. In an yi maka filashin, kira nan take. In mace ake nema, mace ta kira, ta gaida maigida, ta nemi lokacin da zai kasance a gida ya miƙa wayar. Ka tuna mai yiwuwa a lasifika aka sa ku, saboda haka tambayar da za ta jefa mace cikin matsala ba ta waya ba ce.

'Yan damfara sun ɓata wa kowa suna. Cikin jimlolin farko ka ce: "Ba za mu tambayi BVN ko lambar asusu ko wata lambar da aka turo maka ba." Ambaci sunan garin da ranar da aka zo aka karɓi lambarsa. In layi ya yanke a tsakiya, ajiye fom ɗin a matsayin wanda ba a gama ba, ka ci gaba daga inda aka tsaya.

MATAKI NA 10: ABIN GODIYA

Ɗan abu kaɗan yana ƙara amsa: sabulu, ko katin waya ga wanda aka kira. Wanda aka miƙa hannu da hannu ya fi wanda aka yi alkawari tasiri. Ya zama iri ɗaya ga kowa, kada ya yi girman da talaka zai kasa cewa a'a, kuma kada a danganta shi da irin amsar da aka bayar. In ka ce kati zai shigo yau, ya shigo yau. In babu kuɗin wannan, kada ka yi alkawari. Ka koma ka gaya wa garin abin da binciken ya gano, ko a fada ko ta saƙon murya.

MATAKI NA 11: ZAMAN DARE

Kowane dare a tura fom, ko da sai an hau babur zuwa inda sabis yake. Shugaban tawaga ya sauke bayanan a Excel ya duba abu huɗu: sakamakon ziyara gari-gari, sakamako ma'aikaci-ma'aikaci, tsawon kowace hira, da ko GPS ya faɗa a gidan da aka zaɓa. In ma'aikaci ɗaya ana yawan ƙin sa, bi shi gobe ka saurari gabatarwarsa. In wani bai taɓa samun wanda ya ƙi ba kuma hirarsa minti takwas ce, a nan ma akwai magana. In mutane suna tashi a tambaya ɗaya, gyara ta ko ka matsar da ita baya. Manhaja tana ba ka damar sabunta fom a tsakiyar aiki, sai dai ka tabbatar kowa ya sauke sabon.

Duba kuma su wa ke ɓacewa. In mata sun cika maza sun yi ƙaranci, ko cikin gari ya cika rugage babu, karkata ƙarfin gobe can, ko da adadin yini zai ragu. Daga wannan zama ake fitar da jerin komawa na gobe, kowane gida da lokacinsa da wanda zai je. Zaɓi kamar gida ɗaya cikin goma a sake kira ko ziyarta da tambaya huɗu ko biyar, domin a tabbatar an yi hirar.

MATAKI NA 12: RUFE AIKI

A rahoto, kawo lissafin a buɗe: nawa aka zaɓa, nawa ba su cancanta ba, nawa suka kammala, nawa suka ƙi, nawa ba a samu ba, nawa ba a iya isa ba, kuma a rarraba ta ƙaramar hukuma da jinsi da hanyar da aka bi. Kada ka cire garuruwan da ba a shiga ba daga lissafi domin kaso ya yi kyau. Mai nazarin alƙaluma yana buƙatar waɗannan lambobi domin ya daidaita nauyin amsoshi, wato ya rage karkatar da rashin wasu ya jawo. Daga nan a raba sunaye da lambobin waya daga amsoshi, a adana su a wuri mai kulle ga waɗanda suka yarda a sake kiransu, a goge na sauran, a share wayoyin ma'aikata kafin a karɓe su, sa'an nan a koma fada a yi sallama da godiya.